Yadda ake gyara layukan ɗumama gilashin bayan mota da kare gilashin daga fashewa a lokacin sanyi

Duk wanda ya zo ƙasashen sanyi ya sayi mota, ko a Kanada ne ko arewacin Amurka ko Jamus, hunturun farko zai nuna masa amfanin siraran layukan nan ja-ja da ke kwance a jikin gilashin baya. Su ke narkar da ƙanƙara ta waje, su busar da gumin gilashi ta ciki. A Winnipeg inda nake wannan sana'a, sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma a lokacin ne ƙorafi iri biyu ke yawaita: ko layukan sun daina aiki, ko gilashin ya tarwatse da kansa mota na tsaye tana ɗumi. Sau da yawa tushen matsalolin biyu ɗaya ne, shi ya sa na haɗa su a bayani guda. 'Yan'uwa na gida ma kada su ce ba ruwansu, domin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas galibi suna da waɗannan layuka, kuma da damina idan gilashi ya yi gumi su ne mafita. Gyaran iri ɗaya ne.

Kayan aiki

- Mitar gwajin wuta, irin ta masu wayarin. Mai arha ma ta isa. In babu, fitilar gwaji ta bolt 12.
- Ɗan guntun takardar alminiyam ta kicin.
- Fentin gyaran layi, wanda ake haɗawa da garin azurfa don wuta ta bi ta cikinsa. Ana samun na Permatex ko Frost Fighter a shagunan kayan mota.
- Gam mai ɗaukar wuta, idan kunne, wato ɗan ƙarfen da waya ke maƙalewa a gefen gilashi, ne ya cire.
- Salatif na takarda irin na masu fenti, da ƙaramin buroshi ko tsinken auduga.
- Sifirit da tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da zare.
- Tocila mai haske sosai, da alƙalamin maka.
- Fiyus na canji mai lamba daidai da na motarka.
- Safar hannu mai kauri da tabarau na kariya.
- Wuri mai ɗumi. Wannan ma kayan aiki ne, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa. Fentin ba ya kama gilashi mai sanyi ko mai danshi. In ba ka da gareji, nemi wurin ajiye motoci na ƙarƙashin bene, ko ka roƙi aboki aron nasa na yini guda.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Gilashin gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne da leda a tsakani, shi ya sa dutse kan tsaga shi ya ci gaba da zama a wurinsa. Na baya falle ɗaya ne da aka gasa sama da digiri 600, aka huce shi farat ɗaya da iska mai ƙarfi. Wannan ya sa fatarsa ta waje a matse take, cikinsa kuma a ɗaure tamau. Yana da ƙarfi ƙwarai a tsakiya, amma da zarar rauni ya ratsa fatar ya kai ciki, gaba ɗayansa ke wargajewa ya zama ƙananan tsakuwoyi cikin ƙiftawar ido. Bakinsa shi ne lagonsa.

Layukan kuwa ba waya ba ce a cikin gilashi. Fenti ne mai azurfa da aka buga a fuskar ciki aka gasa tare da gilashin, don haka farce ko reza ko kusurwar akwati duk suna iya kankare shi. Wuta na shigowa ta faffaɗan layi na gefe ɗaya, ta ratsa siraran layukan, ta fita ta faffaɗan layin ɗaya gefen ta sauka jikin mota. Idan layi ya yanke ƙat, shi kaɗai zai mutu, sauran su ci gaba. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya kankaru bai yanke ba, ko kunnen da ya yi sako-sako. Wuta na matsuwa ta wannan siririn wuri, wurin ya ɗau zafi fiye da kewayensa. Wanda ya taɓa zuba shayi mai zafi a kofin gilas da sanyin asuba ya ji ƙarar tsagewarsa ya san sauran labarin: wuri ɗaya na buɗewa, gefensa na nan a ƙanƙame, gilashi ba ya jure wannan ja-in-ja idan da ma akwai rauni a bakinsa.

1. Duba gilashin kafin ka taɓa makunni

Wanke shi ciki da waje. Ta ciki, goge a hankali, kana bin layukan a kwance daga hagu zuwa dama, kada ka riƙa tsallaka su sama da ƙasa. Sai ka ɗauki tocila ka bi bakin gilashin kaf, musamman baƙin fentin da ya zagaye shi. Abin da kake nema shi ne ɗan ɓalli, ko tsatsa da ta kumburo daga ƙarfen da ke ƙarƙashi tana tura gilashi, ko wurin da ya yi baƙi-baƙi kamar an ɗosana masa wuta kusa da kunnen waya. Gishirin da ake watsawa a tituna a nan yana cin ƙarfen ƙofar baya sosai, tsofaffin motoci sun fi fama da wannan.

Idan ka ga ɓalli a baki ko alamar ƙuna, tsaya nan. Cire fiyus ɗin layukan, ka kai wa masu gilashi su duba. Fenti ba ya maganin wannan.

2. Gano ko duka ne suka mutu ko wasu

Ta da injin, domin abin na jan wuta da yawa, yana iya shanye batir idan mota a kashe take. Danna makunnin, mai hoton akwati da kibiyoyi masu lanƙwasa. Kada ka rikita shi da na gilashin gaba, wanda hotonsa ya yi kama da mafici. Idan gilashin da gumi ko raɓa, jira minti biyu zuwa uku, za ka ga layuka masu rai sun fara buɗe hanya, matattun kuma sun bar zane. In gilashin a bushe yake, hura masa numfashi daga ciki, ko ka ajiye kofin ruwan ɗumi a but ka rufe ƙofofi har ya yi gumi. Yi wa kowane mataccen layi alama da maka ta waje.

A wasu motocin, layuka biyu ko uku na can sama na eriyar rediyo ne, ba sa ɗumi tun asali. Za ka gane su domin ba su haɗe da faffaɗan layin gefe kamar sauran ba. Kada ka ɓata fentinka a kansu.

In wasu layuka ne kawai suka mutu, tsallaka zuwa mataki na 4.

3. Idan babu ko ɗaya da ke aiki

Fara da fiyus. Littafin mota ko murfin akwatin fiyus zai nuna maka wanne ne, galibi lambarsa tsakanin 20 ne zuwa 40. In ya ƙone, sa mai lamba iri ɗaya. Kada ka ƙara lamba, kada kuma ka naɗa masa waya. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, aikin mai wayarin ne.

Fitilar makunni na iya kamawa alhali wuta ba ta isa gilashi ba, don haka kada ta ruɗe ka. Kasa kunne lokacin da wani ke danna makunnin, ya kamata ka ji rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa layukan wuta, ya yi ƙas. In shiru, nemi wani rile mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na ham, ka musanya su ka gwada.

Daga nan sai kunnuwa biyun da ke gefen gilashi. Cire robar da ta rufe su a hankali, ka ga ko ɗaya ya ɓalle yana lilo a jikin waya. Sa mita a ma'aunin bolt na batir, baƙar waya a kan ƙarfen mota marar fenti, jar waya a kunnen da wuta ke shigowa. Da injin a kunne ya kamata ka ga bolt 12 zuwa 14. Ɗaya kunnen ya nuna kusan sifili. Idan shi ma ya nuna 12 ko fiye, wayar da ke sauke wuta jikin mota ce ta yanke ko ta yi tsatsa.

Motoci masu ƙofar baya da ke ɗagawa sama suna da wani ciwo nasu. Wayoyin na bi ta cikin wata roba mai lanƙwasa tsakanin rufin mota da ƙofar, kullum ana buɗewa ana rufewa, sanyi kuma ya busar da rigar wayar ta yi tauri har ta karye. Zare robar ka duba. Idan waifar baya ko fitilar lamba su ma suna wasa, kusan ko shakka babu nan ne.

4. Neman inda layi ya yanke

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ke ɓata shi. Wani yankan da ido za ka gan shi: sa wani ya haska tocila ta waje kai kana ciki, inda haske ya ratso ta tsakiyar layi nan ne. Amma da yawa sun fi gashi sirantaka, sai da mita.

Naɗe bakin jar wayar mita da takardar alminiyam, ka bar ɗan harshe mai laushi da za ka danna da yatsa a kan layi. Tsinin mita tsirara yana kankare fenti, sai ka je neman yanka ɗaya ka dawo da uku. Baƙar waya ta zauna a ƙarfen mota. Injin a kunne, makunni a danne, sai ka taɓa tsakiyar layin.

Lafiyayyen layi zai nuna kusan rabin wutar batir, bolt 6 ko 7, domin rabin ta riga ta ƙare a hanya. Idan ka ga cikakkiyar wuta, 12 ko fiye, yankan yana tsakanin yatsanka da gefen da wuta ke fita. Idan ka ga sifili, yana tsakanin yatsanka da gefen da take shigowa. Sai ka ja alminiyam ɗin sannu a hankali zuwa wancan gefen, idonka a kan mita. Inda lamba ta yi tsalle farat ɗaya, daga 12 zuwa sifili ko daga sifili zuwa 12, nan ne yankan. Yi masa ɗigo da maka ta wajen gilashi.

Da fitilar gwaji ma haka ne. A layi mai lafiya haskenta na raguwa kaɗan-kaɗan yayin da kake tafiya zuwa gefen da wuta ke fita, a yankakke kuwa tana ci sosai sai ta mutu lokaci guda.

Abu biyu ke rikita sabon hannu a nan. Na farko, yawancin motoci na kashe layukan da kansu bayan minti 10 zuwa 20, sai mutum ya ga sifili ko'ina ya ɗauka duk sun mutu. Riƙa waiwayar fitilar makunni. Na biyu, layi ɗaya na iya yankewa a wuri biyu ko uku, musamman inda kaya suka goga ko aka ɓamɓare sitika. In ka sami na farko, ɗora ɗan alminiyam a kansa ya zama gada, ka sake auna tsakiya. In har yanzu bai dawo rabi ba, da saura.

5. Shafa fentin

Kashe makunni da injin, ka bari gilashin ya huce ya daidaita da ɗumin garejin. Goge wurin da sifirit, ka bar shi ya bushe sarai, kada yatsa ya sake taɓa shi. Manna salatif sama da ƙasan layin, ka bar tsaga daidai faɗin layin, ka danne bakin salatif ɗin da bayan farce don kada fenti ya zurara ƙarƙashi.

Girgiza kwalbar sosai. Azurfar na kwanciya a ƙasa, wanda bai girgiza ba ruwa kawai zai shafa, ya bushe ya yi kyau a ido amma wuta ba za ta bi ba. Shafa siririn shafi, ka zarce yankan da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe don ya hau kan tsohon layi mai rai. Jira ya sha iska gwargwadon abin da takardar kwalbar ta ce, ka ƙara na biyu, ka ƙara na uku. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin kan tsage yana bushewa. Amma kada gyaran ya ƙare a sirance fiye da layin asali, in ba haka ba kai da kanka ka ƙera wurin zafin da muke gudu.

Cire salatif a hankali kafin fentin ya gama ƙanƙamewa, kana jan sa nesa da layin. Sannan ka ƙyale shi awa 24 ba tare da kunna shi ba. Na san da wuya a tsakiyar hunturu, amma wanda ya kunna bayan awa ɗaya zai sake aikin daga farko.

Idan abin da ya kankaru ya kai tsawon yatsa, ko layuka da yawa sun tafi saboda an ɓare baƙar ledar gilashi da reza, fenti ba zai biya buƙata ba. Akwai layukan mannawa da ake sayarwa a maye gurbin tsofaffin gaba ɗaya, ko kuma a canza gilashin. Mai son cire baƙar leda daga gilashin baya ya yi amfani da tururi, ya ja ta a hankali, reza kada ta kusanci wurin.

6. Mayar da kunnen da ya cire

Zare kunnen daga jikin wayar tukuna. Goge gindinsa da wurin zamansa da sifirit, in akwai tsohuwar dalma mai tudu a gindin kunnen ka daidaita ta da takardar yashi mai laushi. Kwaɓa gam mai ɗaukar wuta yadda takardarsa ta nuna, shafa, danna kunnen a wurinsa, ka riƙe shi da salatif har ya bushe. Sai washegari za ka mayar da waya, kana tallafe kunnen da yatsa yayin turawa.

Gam na yau da kullum ba ya wannan aiki ko da ya riƙe ƙam, wuta ba ta ratsa shi. Masu sana'a kan yi liƙin dalma, kuma ya fi daɗewa, amma ban ba sabon hannu shawarar ɗora ƙarfe mai zafi a bakin irin wannan gilashi ba. Daƙiƙa kaɗan suka wuce kima, gilashin ya tafi.

7. Gwaji

Bayan awa 24, kunna ka auna tsakiyar layin da ka gyara, ya nuna kusan rabi. Bar shi minti biyar, sai ka bi gilashin da bayan hannu ta waje, musamman kan gyaran da kan kunnuwa biyun. Ɗumi mai daɗi ake so, iri ɗaya ko'ina. In wani wuri ya yi zafin da hannu ba ya iya zama, ko ka ji ƙauri, ko ka ga tartsatsi a kunne, kashe nan take ka cire fiyus. Gara ka yi sati kana kankare ƙanƙara da hannu da ka bar wannan wurin yana cin gilashi. Ka kuma tabbatar yana kashe kansa idan lokacinsa ya cika. Rile da ya maƙale kan bar shi a kunne.

8. Yadda za ka riƙa yi da safe

Share dusar ƙanƙara daga gilashin da buroshi kafin ka danna makunni. In ka bar tudu a ƙasan gilashi, sama zai ɗumama ƙasa na daskare. Ta da mota, bar hita ta fara ɗumama ciki, sannan ka kunna layukan. Abin kankara na roba kawai za ka sa, kuma kada ka doki ƙanƙara da shi don ta fashe, balle a kusa da baki. Ruwan zafi kada ya taɓa gilashin ko sau ɗaya. Ƙofar baya in ta daskare kada ka fizge ta, in za ka rufe kada ka buga. Kayan da ke but, irin su shebur da keken yara, a ɗaure su kada su riƙa dukan gilashi a hanya. Gilashi ya washe, kashe makunnin, ba sai ka sake dannawa ba.

Wani lokaci kuma mai mota bai yi laifin komai ba. A farkon 2024 kamfanin Honda ya bayyana cewa a wasu motocin HR-V ƙirar 2023, gam ɗin da aka liƙa gilashin baya da shi na iya taɓa layukan ɗumamawa, ya haifar da wurin zafi da ke raunana gilashin a hankali, kuma ya shirya duba motocin da canza gilashin da abin ya shafa. Saboda irin wannan, ɗauki lambar jikin motarka mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka tambayi dilan kamfanin ko akwai wata sanarwa a kanta. Ana kuma duba sanarwar kiran motoci don gyara a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ko na ma'aikatar sufuri ta Kanada.

9. Idan ya riga ya fashe

Ƙarar na da firgitarwa, wasu kan ɗauka harbi ne ko jifa. In kana tafiya, riƙe sitiyari da kyau, ka sauka gefe a natse. Kashe makunnin, ka duba yaran da ke kujerar baya, a kakkaɓe musu kaya da gashi, kada su murza ido.

Kafin ka share komai, ɗauki hotuna: gilashin daga nesa, kunnuwa biyun, da duk inda ya yi baƙi. In gilashin bai zube duka ba, duba inda tsagogin suka taso suka bazu, daga nan fashewar ta fara. In wurin yana kan kunne ko a baki kusa da faffaɗan layi, hujja ce mai ƙarfi wajen dila ko kamfanin inshora. Rubuta ranar, da yanayin sanyi, da ko layukan na kunne.

Sa safar hannu da tabarau, ka ture ragowar zuwa kan bargo ko kwali da ka shimfiɗa, ka zuƙe sauran da injin shara. Cire kujerar jariri ka kakkaɓe ta daban, tsakuwoyin na shigewa cikin ɗinki da maɗauri. Cire fiyus, ka naɗe bakin wayoyin biyu da salatif na wuta. Rufe ramin da leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, ka fara manna salatif na takarda a jikin fentin mota sannan mai ƙarfi a kansa, kuma ka goge ƙarfen ya bushe tukuna don salatif ba ya kama sanyi da danshi.

Abin da na fi jin tsoro a wannan hali shi ne hayaƙin salansa. Mota marar gilashin baya na janyo shi ciki yayin tafiya, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Sauke gilashin ƙofar gaba kaɗan, sa fanka ta riƙa jawo iskar waje, kada ka zauna a ciki injin na aiki mota na tsaye, kuma kada ka yi doguwar tafiya da iyali a haka.

Wajen canji, ka ce a kankare duk tsatsar da ke bakin ƙarfen a shafa mata fenti kafin a sa sabon gam, in ba haka ba sabon gilashin zai gaji ciwon tsohon. Ka tabbatar gilashin da aka kawo na da layukan eriya idan naka na da su. Kafin ka bar wurin, tambaye su awa nawa gam ɗin ke buƙata, da yaushe za ka fara kunna layukan. A kwana biyun farko ka bar taga ɗaya a ɗan buɗe lokacin rufe ƙofa, kada ka kai ta wurin da inji ke wanke mota, sannan ranar da ka fara kunnawa ka bi shi da bayan hannu kamar yadda aka yi a mataki na 7.